Waƙa a Bakin Mai Ita: Matsayin Hirarrakin 'Yan Wasa a Nazarin Wasan Kwaikwayon Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba ayyukan da aka yi a kan wasan kwaikwayon Hausa a jami'o'in ƙasar nan, kama daga kundayen neman digiri har zuwa maƙalun da akan gabatar a tarurrukan ƙara wa juna ilmi, zai tarar cewa mafi yawansu a kan littattafai aka gina su. Akan ɗauki Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, a fitar da jigo, a warware shi, a dubi zubi da tsari, a lissafo taurari, sannan a rufe da salo da sarrafa harshe. Wannan aiki ne mai amfani, ba kuma wanda zai ce a daina shi. Sai dai akwai mutum guda da ba a cika jin ɗuriyarsa a irin wannan nazari ba, watau ɗan wasan da ya tsaya a dandamali, ko a gaban na'urar ɗaukar murya, ko a gaban kyamara, ya mayar da labari ya zama wasa.

Ba wai 'yan wasan ba su yi magana ba ne. Tun daga 1999 da mujallar Fim ta fara fitowa ake buga hirarraki da su, daga baya kuma aka sami shirye-shirye irin su Daga Bakin Mai Ita na Sashen Hausa na BBC da Kundin Kannywood na tashar Arewa24, inda sukan zauna su ba da tarihinsu, su faɗi yadda suka shiga sana'ar, da waɗanda suka yi aiki tare, da irin zaman da suka yi a wurin ɗaukar shiri. Manazarta da dama sun ɗauki irin wannan hira a matsayin abin nishaɗin matasa, ko ma gulmar 'yan fim, wadda ba ta cancanci shiga kundin bincike ba. Wannan maƙala tana ganin akasin haka. Dalili kuwa shi ne, kaso mai yawa na wasan kwaikwayon Hausa ba a rubuta shi kalma bayan kalma ba, a bakin 'yan wasa ya samu. Saboda haka idan suna bayanin zumuncin da ke tsakaninsu, sau da yawa hanyar da aka bi aka ƙagi wasan suke bayyanawa, ko da ba su kira ta da wannan suna ba.

2.0 Wa Ya Rubuta Maganar Samanja?

Yana da kyau a tuna cewa ko wasu daga cikin littattafan da ake nazari, a rediyo suka fara rayuwa kafin su shiga takarda. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960), ta rediyo jama'a suka fara jin su. Haka nan Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan shiri ne da aka daɗe ana saurare a Rediyon Kaduna kafin littafin ya fito a 1980. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna (1979), shi ne dai Kasagi na akwatin talabijin. Umaru Ladan, wanda tare da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, shi ne ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976. Abin mamaki shi ne, ɗalibi yakan rubuta babi guda a kan alƙalamin waɗannan mutane ba tare da ya ambaci cewa 'yan wasa ne ba, alhali kunnen da suka rubuta maganganun taurarinsu da shi, a fagen wasa ya goge.

Waɗannan ma ke nan da suka kai ga bugawa. Mafi rinjayen wasannin da aka yi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos ba su taɓa zama littafi ba, kuma da yawansu ba su da cikakken rubutu tun asali. Furniss (1996) ya tattauna irin waɗannan wasanni da yadda suka dogara ga ƙirƙirar 'yan wasa nan take. Kafin shi Beik (1987) ta yi cikakken bayani a kan ƙungiyoyin wasan Hausa na Jamhuriyar Nijar, har ta kira abin da suke yi fasahar baka ta zamani, domin ta ga yadda 'yan ƙungiya kan haɗu su tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, a gwada, amma kalmomin da za a furta a bar wa mai furta su. Abin da mai tsara shiri kan riƙe bai wuce jerin fitowa-fitowa ba: wane zai shigo ya tarar da wance, rigima za ta tashi a kan abu kaza, za a ƙare a gaban mai unguwa. Sauran aikin na 'yan wasa ne.

A ɗauki misalin Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, ya kuma yi aikin soja na gaske kafin ya shahara da kwaikwayonsa. Abin da ya riƙe wasan ba labarinsa ba ne, domin labaran na yau da kullum ne: rikicin gida, da na bariki, da rashin fahimta tsakanin soja da farar hula. Harshen Samanja ne ya riƙe shi, watau Hausar bariki wadda ake cakuɗa ta da Turancin buroka, a sassauta lafazin haruffa masu lanƙwasa, a kuma rushe bambancin jinsi, irin yadda mai wannan Hausa zai ce “matata ya zo” a maimakon “matata ta zo”. Da wuya a ce wani marubuci ya zauna a tebur ya tsara wannan kuskure-kuskure ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna a bariki ya ji da kunnensa shi ne ya san inda ake karya Hausar da inda ake barin ta. Har ila yau, karyayyar Hausa ita kaɗai ba ta ba da dariya na dogon lokaci. Tana bukatar wanda zai tsaya a gabanta da miƙaƙƙiyar Hausa, ya yi kamar bai gane ba, ko ya gane ta baibai, ko ya maimaita ta domin mai sauraro ya ji gurguncinta. Ashe ke nan salon da ake jingina wa mutum ɗaya, aikin mutum biyu ne ko fiye. Idan manazarci yana neman mawallafin irin wannan wasa, ba suna guda zai rubuta ba.

3.0 Zumunci a Matsayin Kayan Aiki

Mai sauraron hirarrakin tsofaffin 'yan wasa zai lura cewa da zarar an tambaye su game da aikin da, sai su koma kan mutane: wane ne ya kawo su, da wa suka fi jin daɗin fitowa, yadda akan ci abinci a kwano ɗaya, yadda akan yi ta tsokanar juna kafin a fara ɗauka. Mai neman bayanin fasaha yakan ƙosa da wannan, ya ga kamar an kauce wa tambaya. Ba a kauce ba. A wasan da ba shi da rubutacciyar magana, ɗan wasa ba ya jiran wata kalma da ya haddace domin ya san lokacin shigarsa ya yi. Abin da yake dogara da shi shi ne sanin abokin fitowarsa: yaushe yakan ja numfashi, yaushe muryarsa kan sauka, wace irin magana ce in an jefa masa zai cafe, wace ce kuma za ta faɗi ƙasa. Wannan sani ba a samun sa a gwajin yini guda, sai an daɗe ana cuɗanya. Zaman hira da tsokanar da suke ba da labari, shi ne gwajin nasu na haƙiƙa.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a al'adar Hausawa. Wasan barkwanci da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Kanawa da Zagezagi, ko Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari, makaranta ce ta jifa da cafewa, wadda ke da ƙa'idar da kowa ya sani: a yi zafi, amma kada a fasa fata. 'Yan kama sukan yi aiki ne a ƙungiya, wani ya ɗauko, wani ya amsa. Yaran da ke tashe a watan azumi ba su da takarda, amma kowa ya san inda zai shigo. Ɗan wasan rediyo da talabijin da wannan jari ya zo, sai dai ya zuba shi a sabon mazubi.

Shirin Kuliya Manta Sabo na talabijin a Kano misali ne mai kyau. Tsarin shari'a a gaban alƙali ya dace ƙwarai da irin wannan aiki, domin ya tanadi wanda zai raba magana. Mai ƙara ya faɗi nasa, wanda ake ƙara ya musa, shaidu su ƙara dagula al'amari, alƙali kuma ya katse wanda ya zarce, ya tono wanda ya yi shiru. Wanda ya hau wannan kujera yana aiki biyu a lokaci guda: yana fitowa a matsayin alƙali ga mai kallo, yana kuma jan ragamar abokan wasansa daga cikin wasan. Ba zai iya wannan ba sai ya san wane ne in an sake masa fage ba zai tsaya ba, wane ne kuma sai an zungure shi.

Da finafinan bidiyo suka zo, daga irin waɗannan ƙungiyoyi suka tsiro. Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da ya shiga kasuwa a 1990, aikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ne a Kano, watau mutanen da suka riga suka saba da juna. Reshen da ya fi riƙe tsohuwar hanya shi ne na barkwanci, wanda 'yan sana'ar ke kira camama. Rabilu Musa Ibro, wanda ya bar aikin gandiroba ya rungumi wasa, ya kuma rasu a watan Disamban 2014, ba kasafai ake ganin sa shi kaɗai ba. Kusan kullum yana tare da ayarin da aka san shi da su, irin su Ciroki da Bosho da Daushe. Masu suka sukan ce maimaita fuskoki ne kawai. Amma wanda ya kalli yadda magana ke yawo a tsakaninsu, ba tare da ta faɗi ko biyu sun yi karo ba, zai gane dalilin da ya sa ba a sauya su. Wannan bai wanke camama daga laifinta ba, domin sau da yawa fitowa takan yi tsawo fiye da kima, a yi ta juya zance ɗaya saboda ba mai cewa ya isa. Ƙarfin hanyar da rauninta daga tushe ɗaya suke.

Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, shi ne mutumin da ya kamata a ce an zauna da shi a kan wannan batu sosai, domin ya yi aiki a ɓangarorin biyu. Ya yi Karambana da Hausa, ya fito a Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, shirin Turanci mai cikakken rubutu. Mutumin da ya ɗanɗani haddar magana da kuma ƙirƙirar ta nan take, shi ne zai iya faɗin abin da kowace hanya ke ba ɗan wasa da abin da take hana shi.

4.0 Sunan da ya Cinye Mai Shi

Wani abin lura a tarihin 'yan wasan Hausa shi ne yadda sunan wasa kan shafe sunan yanka. Samanja, Karkuzu, Kasagi, Golobo, Tambaya, Ibro: mutane ƙalilan ne za su iya kawo sunayensu na gaskiya ba tare da tunani ba. Wannan yana da nasaba da abin da ya gabata. Ɗan wasan da ke ƙirƙirar maganarsa ba ya sauya hali daga shiri zuwa shiri, hali guda yake ginawa shekara da shekaru har ya san abin da wannan mutum zai ce a kowane yanayi. Ribar ita ce zurfi. Hasarar kuma ita ce jama'a sukan kasa raba shi da rigar da ya sa, wanda ya saba fitowa a mugu ko mashayi ko 'yar duniya ya ɗauki kayan zuwa gida, har ya shafi neman aurensa da mutuncinsa a unguwa.

A nan ne za a fahimci wata kalma da ta cika hirarrakin nan, watau faɗakarwa. Da wuya a yi hira da ɗan wasan Hausa bai ce faɗakarwa yake yi ba. Kalmar garkuwa ce. A al'ummar da “wasa” ke nufin kishiyar abin kirki, “ɗan wasa” ko “ɗan dirama” kuma ke ɗauke da ƙanshin raini, dole mai sana'ar ya nemi inuwar malami ya raɓa. Ko sauyin da aka samu daga “ɗan wasa” zuwa “jarumi”, kalmar da asalinta ta fagen fama ce, yana nuna wannan neman daraja. Matsalar ita ce garkuwar takan rufe abin da manazarci ke son gani. Mutumin da ya iya sarrafa murya da fuska da shiru, in aka tambaye shi sirrin aikinsa sai ya ba da amsar mai wa'azi. Manazarta kuma, da yake jigo suka fi nema, sukan karɓi amsar da hannu biyu, su rubuta “jigon faɗakarwa” su wuce.

5.0 Inda Zumuncin ke Tsagewa

Ba daidai ba ne a ɗauki duk abin da aka faɗa a hira a matsayin gaskiyar da ba ta bukatar tankaɗe. Hira ma nau'i ce ta adabin baka mai tsarinta. Akan fara da tarihi, a bi da yadda sha'awa ta jawo mutum, a yi godiya ga ubangida, a ambaci ƙalubale a dunƙule, a rufe da kira ga masoya. A cikin wannan tsari akwai maganganun da suka zama kamar sallama da amsawa: cewa duk 'yan'uwan juna ne, cewa a da ba don kuɗi ake yi ba, cewa na yanzu ba su da ladabi. Kowane zamani haka yake faɗa game da wanda ya biyo bayansa.

Wani lokaci kuwa tsarin yakan tsage, a hango abin da ke ƙasa. A watan Fabrairun 2022 Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta bayyana a shirin Daga Bakin Mai Ita cewa abin da akan ba ta a fim bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba, bayan shekaru masu yawa tana wannan aiki. Maganar ta tayar da ƙura. Wasu daga cikin manyan masu shirya finafinai suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka, wasu kuma suka goyi bayanta. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta raba gardamar. Abin da ya shafi nazari shi ne kalmar da ake amfani da ita a sana'ar wajen biyan ɗan wasa, watau sallama. Ba a cewa albashi, ba a cewa lada. Sallama ita ce abin da mai gida kan ba baƙo ko maroƙi ko ɗan aike idan zai tafi, gwargwadon halinsa da ganin damarsa, kuma ba a cinikin ta. Wanda ake kira Baba ko Mama a wurin ɗaukar shiri, ake durƙusa masa, kunya ba za ta bar shi ya ce ga farashinsa ba. Wanda kuma yake yaron wani, ubangidansa ne ya fito da shi, ba shi da bakin tambaya. Zumuncin da ya sa magana ke gudu a gaban kyamara, shi ne kuma yake ɗaure harshe a lokacin biya.

Akwai wata hasarar da ta fi ta kuɗi daɗewa. Idan 'yan wasa ne suka ƙagi kalmomin, amma sunan mai tsarawa ko na gidan talabijin ne a kan shirin, to an raba su da haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira, kuma nazarin da ya bi sunan da ke rubuce ya taimaka wajen tabbatar da wannan rabuwa. Ba abin mamaki ba ne da akan ji tsohon ɗan wasan da ƙasa duka ta san muryarsa yana neman taimakon kuɗin magani a ƙarshen rayuwarsa.

6.0 Irin Tambayar da ba a Yi ba

Laifin ƙarancin bayanin fasaha a hirarrakin nan ba na 'yan wasa kaɗai ba ne, domin abin da aka tambayi mutum shi yake amsawa. Ɗan jarida yana neman abin da zai ja mai sauraro: aure, da saɓani, da wane fim ne ya fi so. Tambayoyin da nazari ke bukata daban ne. Me aka ba ka kafin a fara ɗauka, takarda ko bayanin baki? Wa ke yanke inda fitowa za ta tsaya? Idan abokin wasa ya kauce daga abin da aka shirya, yaya ake dawo da shi ba tare da mai kallo ya lura ba? Daga bakin wa ka ɗauko wannan karin harshe? Irin waɗannan ba su amsuwa da kalmar faɗakarwa.

Zai fi kyau kuma a riƙa yin hirar da mutum biyu da suka daɗe suna fitowa tare, a kunna musu wani tsohon shirinsu, a tsayar a tsakiya a ce su faɗi wa ya kawo wannan magana, domin abin da ɗaya ya manta ɗayan zai tuna, abin da ɗaya ya ƙara wa gishiri ɗayan zai rage. Wajen juyar da irin wannan hira ko wasa zuwa rubutu akwai tarkon da ɗaliban sashen harshe suka fi kowa faɗawa, shi ne gyara magana ta koma daidaitacciyar Hausa. Wanda ya juyi wasan Samanja ya mayar masa da “ya” ta koma “ta”, ko ya juyi na Golobo ya goge Sakkwatancinsa, ya zubar da ainihin abin da ya je nema. Haka nan shiru, da katsalandan, da wurin da murya biyu suka hau juna, duk suna bukatar alama a takarda, domin a nan ne ake ganin wanda ya jefa da wanda ya cafe.